Tambaya da Amsa: Laburaren Linux ya ƙi zama a Windows

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta wani laburare (tarin ayyuka da wasu manhajoji ke kira) da harshen C a kan Ubuntu (wani nau'in Linux), yana karanta fayilolin lissafin kaya yana aika su ta intanet. Masu shagunan da za su yi aiki da shi a Wuse duk Windows ce a kwamfutocinsu. Da na je harhaɗa shi (juya rubutun zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa) a can sai kurakurai suka cika allo. Cygwin zan ɗauka ko MinGW? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin dubawa shi ne wace manhaja ce za ta kira laburaren naka.

Cygwin, wanda aka fara a 1995, tafinta ne tsakanin Linux da Windows. Fayil ɗinsa cygwin1.dll yana karɓar kiran da aka saba yi a Linux ya juya shi zuwa wanda Windows ke ganewa, don haka gyaran da za ka yi kaɗan ne. Sai dai tafinta yana da kuɗinsa. Windows ba ta da fork(), kiran da ke yin kwafin aikin da ke gudana a Linux, dole Cygwin ya buɗe sabon aiki ya kwafe ma'ajiyar tsohon cikinsa, abin da ke jawo nauyi, wani lokaci ma ya faɗi idan adireshin fayilolin DLL (laburarukan Windows) ya ci karo. Babbar matsalar kuma, manhajar da aka gina da Visual Studio, kayan gina manhaja na Microsoft, ba ta ɗaukar laburaren da ya dogara da cygwin1.dll cikin sauƙi.

Tun da hannun wasu abin zai shiga, shawararmu MinGW-w64 ce, wadda ke harhaɗawa kai tsaye don Windows ba tare da tafinta ba. Ka sauke MSYS2, ƙunshin da ake samun ta a ciki, ka buɗe tagar UCRT64, ka rubuta pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc. Ka kula kada ka harhaɗa a tagar MSYS, domin abin da zai fito zai nemi msys-2.0.dll, wanda shi ma jinin Cygwin ne.

Kurakuran da suka cika maka allo ba su ne abin tsoro ba, tun da sun nuna kansu. Masu ɓarna su ne na shiru. A Linux mai bit 64, nau'in adadi mai suna long bayit 8 ne, a Windows kuwa 4 ne, har a kan mai bit 64 ɗin. Duk adadin da ya haura 2,147,483,647 zai karkace, kuma idan da kobo kake ƙirga kuɗi, naira miliyan 21 da rabi kacal ta isa ta kai ka wannan ramin. Mayar da duk long ɗinka zuwa int64_t, wanda bayit 8 ne a duka biyun. Na biyu, buɗe fayil da "r" a Windows yana haɗiye alamar da ke gaban ƙarshen kowane layi, yana kuma ɗaukar bayit 0x1A a matsayin ƙarshen fayil, sai ka ga lissafi ya yanke a tsakiya ba tare da ƙorafi ba. Yi amfani da "rb" da "wb", waɗanda ke karanta fayil da rubuta shi yadda yake.

Ta fuskar aikawa, sai ka kira WSAStartup() tun farko, ka rufe da closesocket() maimakon close(), ka ƙara -lws2_32 wajen haɗawa. Duk waɗannan ka tattara su a fayiloli biyu, ɗaya na Linux ɗaya na Windows, masu sunayen ayyuka iri ɗaya. Kada ka barbaɗa #ifdef _WIN32, layin da ke ware sashen Windows, a ko'ina, bayan wata shida kai kanka ba za ka iya bin sawunsa ba.

Tambaya: Malam, WSL, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows, ba zai raba gardamar nan ba? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. WSL 2 ainihin Linux ce ke gudana a cikin ƙaramar na'urar kwaikwayo, abin da kika harhaɗa a ciki na Linux ne, manhajar Windows ba za ta loda shi ba. Amfaninsa gwaji ne, kuma ki ajiye aikinki a cikinsa, ba a /mnt/c ba, inda karanta fayiloli ke da jan ƙafa. Idan Ubuntu kaɗai gare ki, ki sa mingw-w64, ki harhaɗa da x86_64-w64-mingw32-gcc, ki gwada da Wine, manhajar da ke gudanar da kayan Windows a kan Linux. Gwajin ƙarshe dai a yi shi a kan Windows ta gaske kafin a miƙa wa mai shi.