Tambayoyinku: Rediyon Mota, Kaset da Faifai

Wasiƙun da suka taru a wannan karo galibinsu a kan rediyon mota ne da abin da ke haɗe da shi, don haka muka ware shafin gaba ɗaya gare su. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani direban motar haya a Zariya: Motata Toyota ce da aka shigo da ita daga Amurka. Ƙaramin rediyon da nake da shi a gida yana kama Rediyon Tarayya Kaduna tangaran a zangon AM, amma na motar sai shashsheƙa da murya a shaƙe. Mai wayarin ya canja mini eriya, bai yi amfani ba. Mene ne matsalar?

Malam, ga dukkan alamu eriyarka ta farko ba ta da laifi, kuma kuɗin da ka kashe wajen canja ta sun tafi a banza. Matsalar tana ga ƙasar da aka ƙera rediyon dominta. A Afirka da Turai, tashoshin AM suna jere ne da tazarar kilohaz 9 tsakanin kowace da mai bi mata, shi ya sa ake kama Kaduna a kan 594, Rediyon Kano kuma a kan 729. A Amurka kuwa tazarar kilohaz 10 ce, saboda haka rediyon motarka yana tsallakawa daga 590 zuwa 600, ba shi da hanyar tsayawa a kan 594, sai dai ya kama gefen tashar, wanda shi ne shashsheƙar da kake ji. Idan ka gwada Rediyon Kano a kan 730 za ka ji ya fi fita, domin ratar da ke tsakaninsa da 729 ba ta taka kara ta karya ba.

A zangon FM ma akwai irin wannan, sai dai ba kowa ke lura ba. Rediyon Amurka yana tsayawa ne kawai a kan lambobin da suka ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 bayan ɗigo, kuma da yake yawancin tashoshinmu a kan irin waɗannan lambobi suke, kamar Freedom ta Kano a kan 99.5, abin ba ya damun kowa sai ranar da mutum ya nemi tashar da lambarta ta ƙare da 2, 4, 6 ko 8. Wanda ya sayi tsohon rediyon da aka yi wa kasuwar Japan ya fi shiga uku, domin zangonsa daga 76 yake zuwa 90, alhali namu daga 87.5 ne zuwa 108, wato kusan dukkan tashoshi sun fi ƙarfinsa.

Rediyon da ya zo da motar daga kamfani galibi ba a iya sauya masa wannan tazara. Na sayarwa a kasuwa kuwa, irin su Pioneer da Kenwood, da yawansu suna da wurin zaɓar 9 ko 10 a cikin saitinsu na farko, don haka idan za ka saya ka sa a kunna maka shi a shago ka ga 594 da idonka kafin ka biya. Kafin nan, ka zare cajar wayarka daga soket ka saurara, domin caja mai arha tana zuba ƙara a zangon AM fiye da yadda mutane suke zato.

Tambaya daga wani dattijo a Sakkwato: Ina da kaset-kaset na tafsirin azumi da na tara tun shekarun 1980, kuma a tsohuwar Peugeot ɗina nake saurarensu. Yanzu na'urar ta fara tauna zare, murya kuma tana ja kamar mai karatun ya gaji. Na rasa biyu. Ko akwai gyara?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Akwai gyara, amma muna roƙonka kada ka ƙara sa wani kaset mai daraja a ciki har sai an yi shi. Zaren kaset yana tafiya ne da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma abin da ke riƙe masa wannan sauri shi ne wani siririn ƙarfe mai juyawa da wata 'yar roba mai kama da taya da ke matse zaren a jikinsa. Duk lokacin da zare ya wuce, yana barin ɗan burbushi mai ruwan ƙasa a jikin robar da ƙarfen da kuma kan da ke karanta sautin. Idan ƙurar hunturu ta haɗu da wannan burbushi, robar takan yi danƙo ta riƙe zaren ta naɗe shi a jikinta, wannan shi ne taunawar. Idan kuma kan ne ya yi datti, murya takan fita a dushe kamar daga bayan ƙofa.

Gyaran farko mai sauƙi ne. A samo sifirit daga kemis da tsinken auduga irin na goge kunne, a kashe na'urar, a ɗaga murfin bakin kaset, a jiƙa audugar kaɗan a goge kan da ƙarfen har sai auduga ta daina fitowa da launi, sannan a goge robar a hankali ba tare da an jiƙe ta sharkaf ba. A bar ta ta bushe na 'yan mintuna. Ba a sa fetur, ba a sa man birki, ba a kuma ɗiga mai ko kaɗan, domin mai ɗigo ɗaya a jikin robar ya isa ya sa zare ya riƙa zamewa. Littafin wasu motoci yana cewa a yi wannan bayan kowace awa 30 ta saurare, amma an rubuta shi ne domin ƙasashen da ba su san hazo ba, a nan gara a yi kafin haka. Na'urar mota da ke juya kaset da kanta tana da roba biyu da ƙarfe biyu, ɗaya ga kowane ɓangare, saboda haka idan gefe ɗaya ne kawai ke taunawa, an san wacce za a duba.

Jan murya kuwa galibi daga bel yake. A cikin na'urar akwai siririn bel na roba da ke ɗaukar juyi daga ɗan injin lantarkin da ke cikinta zuwa ƙarfen nan, kuma bayan shekaru a cikin zafin mota yakan saki, wani ma ya narke ya zama kamar kwalta. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, wanda zai buɗe ya sa bel daidai girman na da. Kada a yarda ya ɗaura robar kuɗi a madadinsa, tana aiki mako ɗaya ko biyu sannan ta tsinke.

Kafin a ɗora wa na'urar laifi, a gwada kaset uku ko huɗu. Idan ɗaya ne kawai muryarsa ta dushe, a duba tsakiyar bakinsa, akwai ɗan ƙaramin soso a bayan zaren wanda ke danna shi a jikin kai, kuma a tsofaffin kaset gam ɗinsa yakan saki ya faɗi, ana iya manna shi. Kaset mai lamba C120 zarensa ya fi na C60 da C90 sirantaka sosai, shi ne na farkon shiga haƙoran na'ura, bai dace da mota ba. Kafin a sa kowanne, a zura biro mai kusurwa shida a ramin a juya har zaren ya ɗame. A riƙa fitar da kaset kafin a kashe mota, domin idan aka bar robar a matse kwana da kwanaki takan lotsa a wuri ɗaya, kuma kada a bar shi a kan dashbod, ranar bazara tana lanƙwasa shi cikin yini guda.

Ra'ayinmu a nan, tun da an daina sa wannan na'ura a sababbin motoci (a Amurka Lexus SC 430 ta 2010 ce ta ƙarshe), kayan gyaranta sai ƙara wuya suke yi ko a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ka sa ɗaya daga cikin 'ya'yanka ko jikokinka ya juye karatun zuwa kwamfuta, ka riƙa saurare daga kwafin, asalin kuma a adana shi a ɗaki mai sanyi nesa da sifika, saboda maganaɗisun da ke jikinta yana goge abin da aka naɗa.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Katsina: Faifan CD yana tsalle a motata, wani lokaci kuma ta tofo shi ta rubuta ERROR. Wasu faya-fayan da na saya a kasuwa ba ta karanta su ko kaɗan, alhali suna yi a gida.

Malama, matsaloli biyu ne kika haɗa. Na biyun ya fi sauƙi: na'urar gida tana karanta faifan bidiyo da na MP3 da na sauti duka, amma tsohuwar na'urar mota faifan sauti zalla ta sani, wanda ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80. Idan an ce miki faifai ɗaya yana ɗauke da waƙa ɗari ko izu sittin, to MP3 ne, kuma sai an rubuta MP3 a fuskar rediyonki zai karanta shi. Faifan da aka buga a kwamfuta ma bai kai na kamfani ƙyalli ba, don haka idon na'urar, wato mai karanta faifan, idan ya fara tsufa shi yake fara ƙi. Idan za a buga miki, a zaɓi CD-R maimakon CD-RW, a buga da ƙaramin sauri, a kuma sa kwamfutar ta kammala faifan ta rufe shi a ƙarshe.

Game da tsalle, ki fara da faifan kansa. Ki riƙe shi ta baki, ki goge ƙasansa da tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa waje a miƙe, kada ki bi da'irarsa, domin rubutun da ke ciki a zagaye yake tafiya, kuma karcen da ya bi zagayen yana shafe dogon layi a lokaci ɗaya, alhali wanda ya ratsa shi na'urar tana iya cikewa da kanta. Mutane da yawa suna kifa faifai a kan fuskarsa mai rubutu suna ganin sun kare shi, amma bayanan sun fi kusa da wannan fuska, karce a can ba ya gyaruwa. Tsalle a kan hanya mai gargada ba ciwo ba ne. Idan da damina ne ya ƙi bayan an kunna na'urar sanyaya mota, raɓa ce ta kwanta a idon, ki fitar da faifan ki jira kamar awa ɗaya. Idan faifai mai tsabta na kamfani yana tsalle mota a tsaye, ƙura ta rufe idon ko kuma ya raunana, sai mai gyara ya buɗe. Ba mu goyon bayan faifan shara mai buroshi a na'urar da ke haɗiye faifai. Haka nan ki guji wanda aka manna wa takarda, da ƙaramin nan mai faɗin santimita 8, domin su ne suka fi maƙalewa, kuma idan ya maƙale kada a zura wuƙa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Na canja batir, sai rediyon ya rubuta CODE ya yi shiru.

Alhaji, rediyon lafiya lau yake. Kariya ce daga ɓarayi da Honda da Volkswagen da Mercedes da wasu suka sa, wadda ke kulle shi duk lokacin da wuta ta yanke. Ka duba littafin motar da cikin akwatin dashbod, sau da yawa ana samun kati ko 'yar takarda a manne da lamba huɗu ko biyar. Kada ka yi ta canki-canki, domin bayan kuskure kaɗan yakan kulle, sai an bar shi a kunne kusan awa ɗaya kafin ya sake ba da dama. Idan babu katin, ana nemo lambar ta hanyar lambar jikin rediyon, kuma a Honda da yawa da aka yi daga 2001 lambar jikin tana fitowa idan aka danne maɓallin 1 da 6 tare aka kunna. Idan ka samu, ka rubuta ta a gida, kada ka manna ta a jikin rediyon.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Bauchi: An sa mini sabon rediyo. Kullum da safe sai na sake saita tashoshi, kuma akwai wani fito da ke ƙaruwa idan na taka totur.

Ɗan'uwa, wannan aikin wayarin ne da ba a yi daidai ba. Rediyo yana da wayar wuta biyu: rawaya, wadda ke zuwa batir kai tsaye domin ya riƙe abin da aka saita, da ja, wadda ke samun wuta idan an murɗa makulli. An musanya maka su, abin da ke yawan faruwa a Volkswagen da Opel saboda soket ɗinsu a juye yake zuwa. Wasu masu wayarin sukan haɗe biyun su kai batir don su huta, sai rediyon ya kwana yana shan wuta, mota ta ƙi tashi bayan kwana biyu ko uku a ajiye. Fiton kuwa daga altaneto, mai cajin batir, yake shigowa, kuma mafi yawan lokaci baƙar wayar rediyon ce, wadda ake ɗaurawa a jikin mota, ba ta kama da kyau ba. A kankare fenti da tsatsa a ɗaure ta da kusa mai zare a kan ƙarfe tsirara. Ka tsaya a kan mai wayarin ya nuna maka fiyus ɗin da ke bayan rediyon, wanda galibi amfiya 10 ne, ka tabbatar na gaske ne, ba waya aka naɗa a wurinsa ba. Idan an taɓa yi maka haka a wata mota ba abin da ya faru, sa'a ce ka taka, domin ranar da aka juya kan batir wajen tayar da mota, wannan fiyus ɗin ne ya kamata ya ƙone a maimakon rediyon.