Jiragen Ƙasan da Baba Ya Bari

Assalamu alaikum Gwaggo. Mahaifinmu ya rasu watanni uku da suka wuce a Zariya, bayan ya shafe shekara talatin da biyu yana aikin reluwe. Tun da aka tura shi kwas Ingila yana saurayi ya kamu da son ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, har ya ware musu ɗaki guda, inda ya shimfiɗa dogo a kan katako da tashoshi da gadoji. Akwai kan jirgi goma sha huɗu da taragu fiye da sittin, yawancinsu ƙirar Hornby ta Ingila, kaɗan kuma ƙirar kamfanin Märklin na Jamus. Yanzu yayana zai yi aure yana son ɗakin, ya ce ai kayan wasan yara ne, har ya kira ɗan gwangwan ya yi musu kuɗi a dunƙule. Ni kuwa tun ina ƙarama nake taya Baba goge dogon, kuma ya sha gaya mini cewa bayan ransa nawa ne. Ba a rubuta ba, kuma muna da ƙanne biyu da ba su balaga ba. Yaya zan yi ba tare da na ɓata zumunci ba?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu, kuma maganar "bayan raina" wasiyya ce, alhali babu wasiyya ga magaji sai da amincewar sauran magada. Saboda haka jiragen nan gado ne. Amma hukuncin da ya ɗaure ki shi ne ya ɗaure yayanki, domin ba shi da ikon sayar da ko ƙusa ɗaya shi kaɗai, balle a karyar da kayan da marayu ke da haƙƙi a ciki.

Ɗan gwangwan nauyin ƙarfe yake saye, masu tara irin waɗannan kaya kuwa shekaru da asali suke saye. Ki duba ƙarƙashin kowane kan jirgi. Idan kika ga an rubuta Hornby Dublo, to kamfanin Meccano ne ya ƙera shi a Liverpool tsakanin 1938 da 1964, kuma irinsa yana da masu nema a Ingila, musamman idan yana cikin kwalinsa na asali. Kada a yar da kwali ko takarda komai tsufansu, kada a sake fenti, kada kuma a wanke da ruwa, domin gyaran da bai dace ba yana zubar da daraja fiye da ƙurar hunturu. Tsohuwar tiransifomar da ke ba dogon wuta ma a bar ta har sai mai gyaran lantarki ya duba wayoyinta, kuma kada a ɗora Hornby a dogon Märklin, tun da wutar da suke ci ba iri ɗaya ba ce. Shi katakon da aka shimfiɗa dogon a kai, duk da wahalar da marigayi ya sha a kansa, ba ya kawo kuɗin kirki.

Ki ɗauki hoton kowane guda da lambarsa, ki jera su a takarda, sannan ki bincika a eBay, wato shafin saye da sayarwa na intanet, farashin da aka riga aka sayar da irinsu, ba wanda masu kaya ke sa wa ba. Ki tuna cewa kuɗin aikawa waje da ladan masu gwanjo za su ci wani kaso, don haka kada ki sa wa 'yan uwanki dogon buri.

Da wannan lissafi za ku je gaban malamin da zai raba gadon, ki nemi a yi wa jiragen da kika fi ƙauna kuɗi a cire daga kasonki, wanda abu ne da ake yi kullum a kan gida ko gona. Game da yayanki, ina ganin ɗakin ne damuwarsa ba jiragen ba, kuma buƙatarsa ba laifi ba ce. Ki bi ta hannun mahaifiyarku ki roƙi wata guda, ki naɗe kowane jirgi daban, ki adana su inda danshin damina ba ya kaiwa, sannan ki miƙa masa makullin ɗakin da hannunki.