Tambaya da Amsa: Yadda Oklahoma City ta rabu da taurarinta, ta kuma ci kofin NBA

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na taso ina kallon ƙwallon ƙafa ta Turai, inda ƙungiya kan sayar da ɗan wasa ta karɓi kuɗi a hannu. Da na fara bin gasar ƙwallon kwando ta NBA, sai na ji cewa Oklahoma City Thunder ta rabu da manyan 'yan wasanta biyu a 2019 ba tare da ta karɓi kuɗin ciniki ba, amma ta ɗauki kofi a 2025. Me aka ba ta, kuma yaya hakan ta yiwu? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, domin amsarta tana cikin dokoki biyu da babu irinsu a ƙwallon ƙafa ta Turai.

Doka ta farko ita ce iyakar albashi. Kowace shekara NBA tana ƙayyade jimillar abin da ƙungiya za ta iya biyan 'yan wasanta, gwargwadon kuɗin da gasar ta samu. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar ta tsaya a kusan dala miliyan 141. Ana iya zarce ta, musamman idan ƙungiya za ta sabunta kwantiragin ɗan wasanta, amma wadda ta haura kusan dala miliyan 171 sai ta biya haraji mai nauyi. Ƙungiyar da ta riga ta wuce iyaka, idan za ta karɓi ɗan wasa ta hanyar musaya, dole ta fitar da wani mai albashi kusan daidai da nasa. Saboda haka ba kuɗi ake zubewa ba, kwantiragi ake musanyawa da kwantiragi.

Doka ta biyu ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ake yi sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, babu wadda ake mayarwa ƙaramin rukuni komai lalacewarta, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ne suka fi samun damar fara zaɓe. Gurbin zaɓen nan kadara ne da ake iya bayarwa a musaya tun shekaru kafin lokacinsa, kuma yaron da aka ɗauka a zagayen farko albashinsa ƙayyadadde ne, mai sauƙi, har tsawon shekara huɗu.

Sam Presti, manajan Thunder da ke jan ragamar ƙungiyar tun 2007, ya taɓa ɗanɗana ɗacin waɗannan dokoki. A 2012 ya miƙa James Harden ga Houston bayan sun kasa daidaitawa kan albashi, sannan a 2016 kwantiragin Kevin Durant ya ƙare, ya koma Golden State, Oklahoma ba ta samu ko sisi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya razana. Da Paul George ya nemi a kai shi Los Angeles Clippers a Yulin 2019, Presti ya san cewa Clippers na cikin matsi, domin Kawhi Leonard, tauraron da take zawarci, yana son George a gefensa kafin ya sa hannu. Sai ya tsauwala farashi: ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander, matashin da ya yi kaka ɗaya kacal a gasar, da Danilo Gallinari, da gurabun zaɓe biyar na zagayen farko, da damar musanya wasu biyu. Bayan 'yan kwanaki ya tura Russell Westbrook zuwa Houston, ya karɓi Chris Paul da ƙarin gurabu.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma masu kallo ba su cika lura da shi ba, shi ne yadda ya mayar da sararin da ke cikin kasafin albashinsa hajar sayarwa. A ƙarshen 2020 Philadelphia tana neman sauke nauyin kwantiragin Al Horford, sai Oklahoma ta yarda ta ɗauke shi, aka haɗa mata da gurbin zaɓe ladan ɗaukar kaya. A 2021 ta miƙa Horford ɗin ga Boston, ta karɓi Kemba Walker mai babban albashi da ciwon gwiwa, aka sake haɗa mata da gurbi na 16. Walker bai buga mata ko wasa ɗaya ba, an sasanta an sallame shi. Ka ga kenan an biya ta lada sau biyu a kan kujera ɗaya.

Magoya baya sun sha wuya a tsakanin nan. Ƙungiyar ta ci wasa 22 a kakar da ta ƙare a 2021, ta ci 24 a wadda ta biyo baya. Amma a zaɓen 2022 ta ɗauki Chet Holmgren a gurbi na biyu, ta ɗauki Jalen Williams a gurbi na 12, wanda ɗaya ne daga cikin waɗanda Clippers ta bayar. Daga nan nasarori suka hau zuwa 40, sannan 57. Da yake Holmgren da Williams suna kan ƙaramin albashin farko, akwai sauran kuɗi a 2024 da aka ɗauko Isaiah Hartenstein kan dala miliyan 87 na shekara uku, aka kuma ba da Josh Giddey aka karɓo Alex Caruso, gwanin tsaron baya. Ƙungiyar ta ci wasa 68 cikin 82, ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe na cin kofi a Yunin 2025, ba tare da ta biya harajin wuce iyaka a wannan kakar ba.

Sai dai kada ka ɗauka duk wanda ya rushe gidansa zai gina irin wannan. Philadelphia ta bi hanyar faɗuwa da gangan har ta ci wasa 10 kacal a kakar 2015 zuwa 2016, ta kuma samu manyan gurabu, amma har zuwa 2025 ba ta ɗauki kofi ba. A ganina, tara gurabu shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne idon da zai gane yaro irin Williams a gurbi na 12, ko Luguentz Dort wanda babu ƙungiyar da ta zaɓa a 2019, da kuma haƙurin masu ƙungiya su bar manaja ya ƙarasa abin da ya fara.

Bayan cin kofin kuma lokacin biyan bashi ya ƙarato. A bazarar 2025 Gilgeous-Alexander ya sa hannu kan ƙarin shekara huɗu na kusan dala miliyan 285, Holmgren da Williams su ma suka samu manyan kwantiragi na shekara biyar biyar. Yarjejeniyar da NBA ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara wani shingen albashi sama da na haraji, kuma ƙungiyar da ta tsallake shi ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu a musaya ɗaya. Boston, wadda ta ci kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara guda bayan haka domin ta sauko ƙasa da wannan shinge. Gurabun da Presti ya adana su ne za su kawo masa yara masu ƙaramin albashi, su maye gurbin waɗanda kasafin ba zai iya riƙewa ba.