Tambaya da Amsa: A Haɗe Ko a Rabe Zan Rubuta Sunan Waƙata na Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashin mawaƙi ne daga Zariya. Na gama waƙoƙi biyu, baitocin na Hausa ne amma sunayen na Turanci: "I Call You Everyday" da "Dry Season Love". Mai situdiyo ya ce kalmar ƙarshe ta na farkon a raba ta gida biyu, abokina kuma ya ce na biyun yana buƙatar karan ɗori. Wayata dai ba ta ja wa ko ɗaya jan layi ba. Wa zan bi kafin in ɗora?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Bi mai situdiyo, yana da gaskiya. Maganar abokinka kuwa da sauƙi, zan zo kanta.

Harɗaɗɗun kalmomin Turanci iri uku ake rubuta su: a haɗe kamar heartbreak, da karan ɗori kamar self-made, ko a rabe kamar ice cream. Abin da ke rikita mutane shi ne kalmomi biyu ɗin nan kan zo a haɗe a wata jimla, su zo a rabe a wata, kuma ma'anar ba ɗaya ba ce. Everyday a haɗe sifa ce, tana nufin na yau da gobe, kuma gaban suna take zama, kamar everyday life. Every day a rabe ita ce kullum. Kai kullum kake kiranta, saboda haka "I Call You Every Day" ne daidai. Ga gwaji mai sauƙi: saka single a tsakani. In every single day ta zauna daidai a jimlar, a rabe ake rubutawa. Haka abin yake tsakanin suna da aikatau: breakup rabuwar ce, break up kuma a rabu. Waya ba lallai ta kama maka wannan ba, don galibi duba take ko kalmar tana cikin ƙamusunta, ba ta san me kake nufi ba. Tunda duka biyun suna ciki, shiru za ta yi.

Na biyun, ƙa'idar littafi ta ce in kalmomi biyu suka haɗu suka siffanta sunan da ke bayansu, a ɗaure su da karan ɗori: "Dry-Season Love". Amma amfanin karan shi ne hana ruɗani, kuma a nan babu wanda zai karanta ya ɗauka soyayyar ce busasshiya. Su kansu Turawan rage shi suke yi. A 2007 ƙamusun Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kusan 16,000. Ni da waƙata ce, ba zan sa ba, kuma dalilina na na'ura ne. Alamar hashtag a Instagram da TikTok da X tana yankewa da zarar ta gamu da karan ɗori, sai dai ka rubuta #DrySeasonLove a dunƙule. Sannan a allon rubutun waya, in yatsanka ya daɗe a kan karan, dogon layi ke iya fitowa, wanda a wurin kwamfuta wani harafi ne daban.

In ka yi shakkar wata kalma, buɗe ƙamus ɗaya ka tsaya a kansa, Merriam-Webster na Amurka ko Oxford na Ingila, don sukan saɓa da juna. In kuma da gangan kake son karya rubutun don salo, waƙarka ce, amma ka tabbata da gangan ɗin ne.

Yanzu ga inda ya kamata ka fi sa ido. Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta hanyar dillali irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Sunan da ka cike a fom ɗinsu shi ke bazuwa ko'ina, tare da lambar ISRC mai haruffa da lambobi 12 wadda ke bambanta waƙarka da ta kowa. Gyara bayan fitowa yana yiwuwa, amma ta hannun dillalin zai bi, kuma ba rana ɗaya yake isa duk manhajojin ba. Kada ka goge waƙar ka sake ɗora ta da sabuwar lamba saboda tazara ɗaya tsakanin kalmomi, lissafin masu sauraronka zai iya komawa sifili. Haka kuma rubutun da ke jikin hoton bango ya zama iri ɗaya da na fom, don saɓaninsu na cikin abubuwan da ke sa a dawo wa mutum da waƙarsa. Apple Music na son kowace babbar kalma ta fara da babban harafi, ƙananan irin su of, the da and su zauna da ƙarami sai in su ne farko ko ƙarshe.

Kada ka manta da masu karɓa ta WhatsApp da Xender da wurin masu turi a kasuwa. Manhajar sauraro takan nuna sunan da ke binne cikin fayil ɗin MP3 ne, wato bayanan ID3, ba wanda kake gani a jakar ajiya ba. Sa mai situdiyo ya gyara shi a can ma kafin ka fara rabawa. A sunan fayil kuwa ka guji alamar tambaya da ruwa biyu, Windows ba ya karɓarsu.