Masauki, Makwanci da Madafa: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wasiƙu uku ne a gabana wannan makon, biyu daga ciki kuma daga gida ɗaya suka fito, mata da mijinta, kowa ya rubuto tasa daban. Da ta uwargida zan fara, don ita ta riga isowa.

Baiwar Allahn nan a jihar Maryland ta Amurka take zaune. Ta ce: "Malam, muna shirin kai yara Disney World, babban dandalin wasannin nan da ke Orlando, idan an yi hutun makaranta. Mu bakwai ne, ni da maigidana da yara huɗu, sai mahaifiyata da ta zo mana daga Kano. Na ce wa Hajiya za mu kama otal, sai ta ɓata rai, ta ce ita masauki ta tambaya. Ashe akwai bambanci? Sannan wurin girki, kicin ya kamata in ce ko madafa?"

Malama, Hajiya ta fi ki gaskiya, ki ba ta haƙuri. Otal baƙuwar kalma ce da ta shigo mana daga bakin Turawa, kuma ba ta shigo da tsabta ba. A kunnen dattawan da suka tashi a birnin Kano ko Katsina, otal wuri ne na bayan gari inda ake shan giya, inda mutumin kirki ba ya son a gan shi. Yau ma'anar ta wanke sosai, har walimar aure ana yi a otal, amma kunnen tsohuwa ba ya saurin mantuwa.

Masauki kuwa ɗan gida ne. Daga sauka ya fito, aka sa masa ma- a gaba don a nuna wuri, kamar yadda aka samu makaranta daga karanta, marina daga rina, maƙera daga ƙera, majema daga jeme. Ki duba nauyin da sauka take ɗauke da shi a Hausa. Matafiyi yana sauka daga kan dabba, ya sauke kaya, a ce masa barka da sauka. Mai ciki ana yi mata addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Almajirin da ya kai ƙarshen Alƙur'ani ya yi sauka. A duk ukun akwai nauyin da aka ɗauko daga nesa aka ajiye. Saboda haka masauki shi ne inda mutum zai ajiye nauyinsa, ya cire hula, ya miƙe ƙafa, ya yi alwala ba tare da ya leƙa ko wani na kallo ba. Wurin da kawai za a sa haƙarƙari a ƙasa zuwa wayewar gari yana da nasa sunan, makwanci, daga kwanta. Abin da Hajiya take tambayarki shi ne, makwanci za ku kai ta ko masauki?

Kuma tambayar tana da dalili, don surukinta yana cikin tafiyar. Ɗakin otal na gama-gari a wuraren nan gado biyu ne manya a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya, na mutum huɗu, wani lokaci biyar. Ko da doka ta bari ku bakwai ku shiga, wace Bahaushiya ce za ta kwanta ɗaki ɗaya da mijin 'yarta, mutumin da ko abinci ba zai ci a gabanta ba? Ga kuma yara. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara goma, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan sallar isha'i. Neman izini sai da ƙofa. Shi ya sa ginin Bahaushe ya yi wa kowane wuri suna: zaure na baƙi, soro ko shigifa kafin a kai tsakar gida, turaka ta maigida, ɗakin kowace mace nata, har cikin ɗakin ma akwai uwar ɗaka, can ƙurya. Da muka shiga gidajen haya sai muka ari falo daga Ingilishi muka ce ciki da falo, wato dai ba mu yarda ƙofar ta ɓace ba.

To ki riƙe wannan ma'auni na ciki da falo lokacin da kike duba tallace-tallacen, domin suna ɗaya suke ba abubuwa mabambanta. A Cabana Bay Beach Resort na kamfanin Universal, wanda aka buɗe a 2014, abin da ake kira masaukin iyali ɗaki ɗaya ne da aka raba da wani bango mai zamewa. Wannan a Hausa labule ne mai kauri. A Art of Animation na Disney, wanda aka buɗe a 2012, akwai ciki da falo na gaskiya, da ƙofa da banɗaki biyu, sai dai na mutum shida ne, ku kuwa bakwai ne. Abin da ya dace da ku shi ne mai ciki biyu da falo, irin na Old Key West, shi ma na Disney, wanda aka buɗe a ƙarshen 1991. Irin wannan yana ɗaukar mutum takwas ko tara, har da injin wanki a ciki. Idan kuɗinsa ya yi nauyi, a garin Kissimmee da ke maƙwabtaka ana ba da hayar gidaje sukutum na kwanaki, sai dai a nan dole ku tanadi mota da kuɗin ajiye ta a bakin dandalin, alhali wanda ya sauka a cikin harabar Disney motocin kamfanin ne ke kai shi su dawo da shi.

Batun kicin da madafa ya fi sauƙi. Duka biyun Hausa ne yanzu, ba na cikin masu korar kicin, kalmar da ta fi shekarun yawancinmu a bakin mutane. Madafa ko madafi daga dafa suke, ɗakin girki ma daidai ne. A kula dai, akwai wata madafar da ake rubutawa iri ɗaya, wadda ake cewa wane ya rasa madafa. Ita wannan daga dafa mai dogon wasali ta fito, irin dafa kafaɗa ko dafa bango, wato abin jingina. A baki ba sa rikicewa, a rubutun boko ne kawai suka zama tagwaye.

Inda Hausa za ta yi miki rana shi ne wajen bambance madafa da abin da ba madafa ba. Madafa sai da murhu. Da can duwatsu uku ne, aka zo risho, aka zo na gas da na lantarki, amma dole akwai wutar da za a ɗora tukunya a kai. Yawancin masaukan iyalin nan, har da biyun farko da na ambata, abin da ke cikinsu ƙaramin firji ne da wurin wanke kwano da na'urar ɗumama abinci. Ba a tuƙa tuwo a wannan. Iyakarsa ɗumame, don haka da za a bar ni in raɗa masa suna, maɗumama zan ce, kuma ƙa'idar harshen ba za ta hana ni ba. Mai ciki biyu da falon Old Key West shi ne ke da cikakkiyar madafa, da murhu da na'urar gashi da babban firji da tukwane. Ki tambaya da baki ko a rubuce kafin ki biya: akwai murhu? Matambayi ba ya ɓata. Tsohuwar da ta saba da tuwo da miyar kuka ba za ta yi mako guda a kan burodi da soyayyen dankali ba, ga kuma batun naman halal, wanda ya fi sauƙi a saya a shagunan Musulmi da ke Orlando a dafa da hannu.

Yanzu ga maigida. Shi tasa gajeriya ce: "Malam, na ce mu kama ɗaki biyu a otal mai araha, ta ƙi. Ai Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Ko ba haka ba?"

Alhaji, karin maganar gaskiya ce, amma ka ɗaura mata sirdin da ba nata ba. Gida biyu maganin gobara magana ce a kan tanadi: kada mutum ya tara duk abin da ya mallaka wuri guda, don idan wuta ta ci ɗaya ya samu inda zai koma. Ta fito ne daga zamanin da rufin ciyawa da dangar kara suka yi yawa, lokacin da tartsatsi ɗaya a cikin hunturu kan share unguwa. Ana faɗarta ga mai sana'a biyu, masu ƙarin aure ma sun daɗe da mayar da ita tasu. Sharaɗinta shi ne kowane gida ya iya tsayawa da kansa idan ɗaya ya tafi. Ɗakuna biyunka ba haka suke ba. Ba wanda ke da murhu a cikinsu, kuma otal-otal da yawa ba sa yin alkawarin ba da ɗakuna masu ƙofa a tsakani, roƙo ne kawai suke karɓa, sai ranar sauka a ga abin da ya samu. Kana iya tsintar Hajiya da jikoki a wani bene, ku a wani.

In karin magana kake nema, ga wadda ta fi kusa da zancenku: araha ba ta ado. Ka lissafa abincin mutum bakwai sau uku a rana a gidajen abincin dandalin, ka ɗora a kan kuɗin ɗaki biyun, sannan ka gwada da na ciki biyu da falo. Wataƙila lissafin ya ba ka gaskiya, ban hana ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a zancen girki da kwanan yara, mai ɗakin ba kai ba ne.

Wasiƙa ta uku daga wani ɗalibi ce a Zariya, mai koyon fassara. An ba shi talla ya juya zuwa Hausa, ya maƙale a wuri biyu: sunan wuraren wasa irin su Disney World, da jimlar da na'urar fassara ta ba shi, wai "masauki mai abota da iyali". Ya kuma tambaya ko zai iya kiran masaukin zango.

Ɗana, masauki ba ya abota da kowa. Bahaushe cewa zai yi masaukin da ya dace da mai iyali, ko a taƙaice masaukin masu iyali. Ka kuma yi hattara da iyali ita kanta. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin waɗanda ciyarwarsu ke wuyan mutum, amma a bakin magidanci mai kunya, iyalina sau da yawa matarsa kaɗai yake nufi. In talla na son a gane da yara ake, to a ambaci yaran.

Wurin wasan kuwa, filin wasa ya riga ya zama na ƙwallo. Wurin shaƙatawa ya yi faɗi, har gindin bishiya ya shiga ciki, tunda shaƙatawa daga shaƙar iska take. Ni dandalin nishaɗi na fi so. Dandali shi ne filin da yara da 'yan mata ke taruwa da dare a yi gaɗa da tatsuniya, kuma abin da ya raba irin su Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1955, da Disney World na 1971, da wurin lilo na yau da kullum shi ne kowane sashe an gina shi a kan wani labari ko wata ƙasa. Tatsuniya ce aka yi mata gini, ka ga dandali bai yi nisa ba.

Zango na so in ba ka, amma ba zai zauna ba. Zango wurin da ayarin fatake ke yada kaya ne a kan hanya, a kwana a tashi, shi ya sa ake cewa an yada zango, kuma tafiyar da ke tsakanin wannan da na gaba ita ma zango ce, daga nan makarantu suka samu zangon karatu. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga su suka kai kalmar ƙasar Gana, inda unguwannin baƙi Musulmi har yau ake kiransu Zongo, kamar Sabon Zongo a Akara. Wanda ya yada zango gaba ya nufa. Mai zuwa Orlando kuwa ya iso inda za shi, don haka masauki ne nasa. In jirginsa ya tsaya a Alƙahira ko Istanbul ya kwana, wannan ka kira shi zango, ba mai yi maka gyara.

Na kusa mantawa, Malama ta Maryland: idan wani zai biyo Hajiya da kayan miya daga gida, a gaya masa duk abincin da aka shiga da shi Amurka sai an bayyana wa jami'an kwastan, kilishi da dambun nama kuwa ba a barin su wuce. Muciya ba ta da wannan matsalar, kuma ba za ki same ta a madafar Old Key West ba, sai ki sa taki a jaka.