Shin Domin James Taylor Aka Rubuta Waƙar "You've Got a Friend"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na daɗe ina sauraron waƙar "You've Got a Friend" a muryar James Taylor, kuma duk zatona tasa ce. Kwanan nan wani abokina ya ce mace ce ta rubuta ta, kuma domin shi Taylor ɗin ta rubuta. Ina gaskiyar wannan magana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi daidai a rabin maganarsa na farko, amma rabin na biyu sai an bi shi a hankali. Carole King ce ta tsara waƙar, baiti da kiɗa, kuma ta fara fitowa ne a faifanta mai suna Tapestry, wanda ta ɗauka a sutudiyon A&M da ke Los Angeles a Amurka, aka sake shi a watan Fabrairun 1971. Ta Taylor ta biyo baya a faifansa Mud Slide Slim and the Blue Horizon cikin shekarar, kuma kusan lokaci guda aka ɗauki waƙoƙin biyu, har Taylor da kansa ya kaɗa jita a wasu waƙoƙin faifan King.

Kafin wannan lokaci King ta shafe shekara goma tana rubuta wa wasu waƙa. Ita da mijinta na farko, Gerry Goffin, su ne suka rubuta "Will You Love Me Tomorrow" da ƙungiyar Shirelles ta rera a 1960, amma tsayawa gaban jama'a ta rera da bakinta abu ne da take jin nauyinsa ƙwarai. Bayan aurensu ya mutu ta bar New York ta koma Los Angeles a 1968, kuma a can zumuncinta da Taylor ya yi ƙarfi. Ita ce ta kaɗa masa piyano a faifansa Sweet Baby James na 1970, ta kuma bi shi yawon wasa a matsayin makaɗiya, shi kuwa ya yi ta matsa mata har ta yarda ta riƙa karɓar makirufo tana rera waƙoƙinta.

A cikin Sweet Baby James ɗin ne tushen maganar abokinka yake. Akwai waƙar "Fire and Rain", wadda Taylor ya rubuta kan mutuwar wata ƙawarsa da kuma fama da ya yi da miyagun ƙwayoyi da jinya a asibitin masu taɓin hankali, kuma a amshinta yake cewa ya ga lokutan kaɗaici da ya nemi aboki ya rasa. Taylor ya sha faɗa cewa bayan shekaru masu yawa King ta gaya masa waƙarta amsa ce ga wannan baitin, wato shi ya yi kukan rashin aboki, ita kuma ta ce ga aboki nan, kira kawai za ka yi. Sai dai a hirar da aka yi da ita a farkon shekarun 1970, King ta nuna cewa ba ta zauna da niyyar rubuta wa James ko wani takamaiman mutum ba, kuma ta daɗe tana bayyana waƙar a matsayin wadda ta zo mata haka nan, kamar ta rubuta kanta.

Ni dai ban ga saɓani mai girma tsakanin maganganun biyu ba. Wadda ta zauna a piyano dare bayan dare tana raka wannan baitin, ba abin mamaki ba ne amsarsa ta fito daga bakinta ba tare da ta ƙudurta ba, sai daga baya ta gane inda ta samo ta. Saboda haka cewa "domin shi aka rubuta" ya ɗan zarce abin da ita mai waƙar ta faɗa tun farko.

Inda abotar ta fi fitowa fili, a ganina, shi ne abin da King ta yi da waƙar bayan ta kammala ta. Tana kan gaɓar kafa sunanta a matsayin mawaƙiya, kuma wannan na cikin mafi kyawun abin da ke hannunta, amma ta bar wa Taylor ya fitar da tasa, mawaƙiya Joni Mitchell tana yi masa amshi. A watan Yulin 1971 ta Taylor ɗin ta hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma ita kaɗai ce waƙar Taylor da ta taɓa kai wa nan. King ma ba ta yi asara ba, domin Tapestry ya yi mako 15 a saman jadawalin faya-fayai. A bikin ba da lambobin yabo na waƙa na Grammy na 1972 Taylor ya samu lambar mawaƙin da ya fi iya rerawa a rukuninsa, ita kuma ta samu ta waƙar shekara, mace ta farko da aka ba wannan lambar. Sun sake haɗuwa a 2007 a dandalin Troubadour da ke yankin Los Angeles, inda suka taɓa yin wasa tare a 1970, sannan a 2010 suka yi yawon wasa na haɗin gwiwa, suna rera waƙar tare, ita a piyano shi da jitarsa.