Filin Tambayoyinku: Ina rubuce-rubucen Tu Youyou suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Lakcaranmu ya ba mu asaimen kowa ya ɗauki masanin kimiyya ɗaya ya kawo tarihinsa da jerin abin da ya wallafa, kuma yace duk wanda ya kwafo Wikipedia sifili zai ba shi. Ni na ɗauki Tu Youyou, matar nan ta ƙasar Sin mai maganin maleriya, amma na duba Google Scholar ban ga takardunta na lokacin da ta gano maganin ba. Ko in canza wani ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki canza, ai wannan rashin da kika gani shi ne naman asaimen ɗin naki.

Tu Youyou ta yi aikin ne cikin wani shirin sirri na gwamnatin Sin da ake kira 523, an kafa shi a 1967 lokacin yaƙin Biyetnam saboda zazzaɓi na ta kashe sojoji, ita kuma ta shiga a 1969. A 1971 ita da mutanenta suka tatso sinadarin da ya yi aiki daga ganyen Artemisia annua, bayan ta karanta wani tsohon rubutu na Ge Hong, masanin magunguna na Sin a zamanin da, mai cewa a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, daga nan ta gane ashe tafasawar da suke yi ce ke lalata maganin. To amma zamanin ba a sa sunan mutum ɗaya a irin wannan aiki, takardar da ta fito a 1977 da sunan rukuni aka buga ta kuma da Sinanci, kinga ko kwana za ki yi kina buga sunanta ba za ta fito miki ba.

Abin yi, ki shiga shafin kyautar Nobel, ta samu a 2015 tare da William Campbell da Satoshi Omura, laccar da ta gabatar na nan kyauta. Sai maƙalarta ta 2011 a mujallar Nature Medicine inda ta ba da labarin da bakinta, a PubMed, shafin neman takardun binciken likitanci, za ki same ta. Ki lura Tu ne sunan gidansu, su Sinawa shi suke fara sawa, don haka ki rubuta Tu Y haɗe da artemisinin, sunan maganin kenan, in ba haka ba masu irin sunan za su cika miki waya.

Ita Wikipedia ɗin ma ba haramun ba ce, Malam kwafa ya hana, ki gangara can ƙasa wajen manazarta ki bi su ɗaya-ɗaya ki buɗe da kanki. Wanda bai buɗu ba kar ki sa shi, malamai na gane wanda ya jera sunayen takardun da bai karanta ba.

Kuma ki raba abin da ita ta rubuta da abin da wasu suka rubuta a kanta, don har a ƙasar tasu an yi ta muhawara kan ko ya dace mutum ɗaya ya ɗauki yabon aikin da ɗaruruwan masana suka sa hannu. Ki ba wannan sakin layi guda. Sannan ki tambayi Malam wane salon manazarta yake so, APA ne ko wani, tun kafin ki kai bugawa a kafe.